Shaguna Ko Ɗakunan Haya: Ina Ya Kamata Sabon Shiga Ya Fara Zuba Kuɗinsa A Kano?

Duk wanda 'yan kuɗi suka taru a hannunsa a Kano, ko ta kasuwa, ko ta giratuti, ko ta rabon gado, shawarar farko da zai ji daga 'yan'uwa ita ce ya sa su a ƙasa. Shawarar tana da hujja. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma bar kasuwa ta riƙa yanke farashin naira a watan Yuni, wanda ya bar kuɗinsa a ajiye ya ga yadda darajarsu ta zube, domin a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a lissafin hukuma. Sai dai masu ba da shawarar ba su cika faɗa maka abin da za ka ɗora a kan ƙasar ba. Mai matsakaicin ƙarfi, wanda ba zai iya rukunin gidaje ko katafaren bene ba, yakan tsaya ne tsakanin abu biyu: ya jera shaguna, ko ya gina ɗakunan da iyali za su zauna. Dukkansu haya ce, amma hanyar samunsu daban, kuma hanyar asararsu ta fi bambanta.

Shago yana da farin jini wurin masu lissafi, kuma da dalili. Gininsa bango ne huɗu, kwano, daɓe, ƙofar ƙarfe da wayar wuta. Babu kicin, babu banɗaki a kowane ɗaya, babu bututun da zai fashe a cikin bango. Fili mai fuskar ƙafa 50 a bakin hanya zai ba ka shaguna huɗu madaidaita. Sau da yawa ɗan hayar ne zai sa tayil, ya yi fenti, ya kafa kanta da kuɗinsa, saboda yana son wurin ya ja masu saye. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, ɗan kasuwan da wuri ya karɓe shi ba ya wasa da kuɗin haya. Ya san in ya tashi ya bar kwastomominsa ne ga wanda zai gaje shi. Shi ya sa za ka ga tela ko mai kemis ya kawo kuɗin shekara tun kafin wa'adi ya cika, kuma in ka yi ƙari daidai misali zai yi ƙorafi ya biya.

Amma duk wannan ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya: a ce wurin ya karɓe shi. Mai sayen wurin shago ƙafar mutane yake saye, bulo da kwano ƙari ne kawai. Filin da ke da ƙafar mutane ta gaske, irin na Zoo Road, ko titin Katsina wajen Kurna da Rijiyar Lemo, ko kusa da Farm Centre, tsadarsa ta ninka ta filin da ke layi na uku a bayansa sau da yawa, kuma masu shi ba su cika sayarwa ba. Abin da yakan faɗo hannun sabon shiga shi ne fili a cikin unguwa, wanda dillali zai rantse masa cewa nan da shekara biyu titi zai biyo ta nan.

Ka shiga sababbin unguwannin bayan gari da hantsi ka duba. Kusan duk wanda ya gina gida ya fasa shago biyu a katangar gaba. A layi ɗaya za ka ƙirga ƙofofi goma sha, uku ne a buɗe: mai kayan masarufi, mai POS, da wani yaro mai cajin waya. Sauran ƙofofin tsatsa ta fara cin gindinsu, an rubuta lambar waya da gawayi ko fenti a jiki, rubutun har ya koɗe, awaki suna kwance a dakalin. Masu waɗannan shagunan ba su yi ginin banza ba, unguwar ce ba ta da masu sayen da za su riƙe shago goma. Shagon da babu kowa a ciki ba ya kawo rabin haya, sifili yake kawowa, kuma yana iya shekara biyu a haka.

Saboda haka kafin ka ba da ko kafin alƙalami a kan wurin shago, je ka zauna a wurin da kanka. Ka je da safe lokacin 'yan makaranta, ka koma bayan La'asar, ka sake komawa bayan Isha'i. Ka lura da hannun da 'yan adaidaita sahu suke sauke fasinja, domin titi ɗaya yakan zama hannu ɗaya kasuwa, ɗaya hannun kuma shiru, musamman in an raba tsakiyarsa da kankare. Ka duba ko mai mota zai sami inda zai tsaya. Ka duba inda ranar yamma take bugawa. Sannan ka tambayi masu shagunan da ke kusa, ba dillali ba, sau nawa maƙwabtansu suka canja a 'yan shekarun nan. In ƙofa ɗaya ta ga mai shayi, ta ga mai aski, ta ga mai sayar da gas duk a ɗan tsakani, wurin ba ya riƙe mutum.

Akwai kuma haɗarin da ya fi rashin ɗan haya muni. Kusancin titi da ke ba shago daraja, shi ne kuma yake sa shi a bakin katafila. Faɗaɗa hanya da ginin gada, irin ayyukan Tal'udu da Ɗan Agundi, gine-ginen gaba suke fara ci. Ko ba a taɓa gininka ba, gadar sama tana iya ɗauke motocin da ke tsayawa a ƙofarka ta wuce da su ta bisa kanka. Kanawa kuma ba su manta da watan Yunin 2023 ba, lokacin da sabuwar gwamnatin jihar ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne aka yanka. Da yawa daga waɗanda abin ya shafa suna riƙe da takardun da hukuma ta ba su a zamanin gwamnatin da ta gabata, kuma maganar ta kai kotu. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya a siyasance, mai neman zuba kuɗi ya kamata ya ɗauki abu guda daga nan: bayan tambayar takarda, ka tambayi me wurin yake kafin a yanka shi. In jikin makaranta ne, ko asibiti, ko maƙabarta, ko masallaci, ko badala, ko kududdufin da aka cike, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, ka haƙura komai arahar da aka yi maka. Attajiri mai wurare ashirin zai iya jure rasa ɗaya. Wanda ya zuba giratutinsa gaba ɗaya ba zai tashi ba.

Rumfar cikin kasuwa kuwa wani babi ne. Sau da yawa abin da ake sayar maka izinin zama ne daga hukumar kasuwa, ƙasar ba taka ba ce. Samunta yana da kyau in kasuwar tana ci, amma gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 sun nuna yadda dare ɗaya yake iya shafe komai. Wanda zai shiga nan ya nemi bayanin inshorar Musulunci, wato takaful, tun kafin ya biya.

To, ɗakunan zama fa? Babban ƙarfinsu shi ne buƙatarsu ba ta yankewa. Muddin ana ɗaura aure a Kano, ana neman ciki da falo. Gabanin azumi da bayan salla za ka ga angwaye suna zarya wurin dillalai, ga ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, ga waɗanda rashin tsaro ya taso daga garuruwansu. Gidan zama ba ya buƙatar bakin titi. Wasu ma sun fi son cikin layi inda yara za su fita ba fargabar mota. Ke nan filin da zai kashe shago yana iya rayar da gidan haya, kuma shi ne filin da kuɗin sabon shiga suke iya saye.

Sai dai a nan ma gida biyu ne, kuma bambancinsu ya kai a tsaya a kai. Akwai tsohon salo na ɗaki-ɗaki: ɗakuna shida ko takwas suna kallon tsakar gida ɗaya, banɗaki ɗaya ko biyu, madafa ɗaya, mita ɗaya. A takarda shi ya fi kawo kuɗi, domin ka cusa ƙofofi da yawa a ƙaramin fili da ƙaramin kashewa. A zahiri kuwa ka naɗa kanka alƙali ne ba albashi. Yau rigimar wanda zai wanke banɗaki, gobe ta igiyar shanya, jibi wance ta kunna rishon lantarki alhali kuɗin wuta daidai ake rabawa. Ranar da shadda ta cika, kowa zai ce shi bai daɗe da tarewa ba, kai za a kira. Abin da kowa yake amfani da shi kuma babu mai gyara shi, don haka gidan yakan tsufa da wuri. Mutanen kirki da suka sami hali sukan tashi, waɗanda ba su da zaɓi su rage.

Salo na biyu shi ne ka raba filin gida-gida: kowane sashe da ƙofarsa, ciki da falo, kicin, banɗaki, da 'yar tsakar gida ko da ta shanya ce da girkin gawayi. Wannan ya dace da yadda mutanenmu suke son zama. Magidanci yana fita kasuwa hankalinsa kwance in ya san iyalinsa ba sa haɗa tsakar gida da wani namiji, kuma zai ƙara kuɗi a kan wannan sirrin. Amarya ta jera kayanta, an kafa gado da labule, ba ta son tashi bayan shekara ɗaya. Irin waɗannan sukan zauna har sai yara sun yi yawa ko sun gina nasu. Tsadar ita ce kowane sashe yana cin bututu, tayil, masai da ƙofofi, kuma filin da zai ba ka ɗaki takwas zai ba ka sashe uku ne ko huɗu. Duk da haka, a ganina wannan ne ya fi dacewa da wanda bai taɓa riƙe 'yan haya ba.

Abu biyu ne suke kashe gidan zama tun daga zaɓen fili: ruwan sha da ruwan sama. Akwai unguwannin Kano da sai an fasa dutse kafin a sami ruwa, wasu rijiyoyin kuma suna ƙafewa da bazara. Kafin ka saya, tsayar da ɗan garuwa ka tambaye shi nawa yake sayar da jarka a watan Afrilu, kuma daga ina yake turo kurarsa. Amsarsa za ta gaya maka ko matan gidan za su daɗe. Shi kuwa ruwan sama, filin da aka nuna maka da rani ka koma ka gan shi a watan Agusta. In ba za ka iya jira ba, dubi katangun maƙwabta: layin da ruwa ya kwanta yana nan a jiki, filasta ta kumbura tana zuba daga ƙasa, wasu sun ɗaga dokin ƙofarsu da bulo biyu. Gidan da danshi ya kama gindinsa, fentin duniya ba ya rufe shi.

Inda gidan zama ya fi shago nauyi sosai shi ne ranar da kuɗi suka ƙi fitowa. Ɗan kasuwan da ya karye yakan kwashe kayansa da kansa, domin zaman ba ya amfana masa komai. Magidancin da ya rasa aiki ba shi da inda za shi. Za a turo maka liman, a turo mai unguwa, matarsa ta shiga wurin iyalinka da kuka, kuma kai ma zuciyarka ba dutse ba ce. Sauƙaƙa wa wanda ke cikin ƙunci abu ne mai lada, amma ka yi shi da saninka, ka sa shi a lissafi, kada ya zama kuɗin makarantar 'ya'yanka ne suka maƙale. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba ɗan'uwa ko aboki haya yake da wuya: ranar karɓa kunya takan hana ka magana, shiru kuma ya zama gaba. Ta fuskar doka, in ba ku rubuta wani wa'adi daban ba, abin da aka saba shi ne mai biyan shekara-shekara a ba shi notis na wata shida, mai biyan wata-wata a ba shi wata guda, bayan nan a ba shi na kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Cire ƙofa, yaye kwano ko watsa kaya waje yana mayar da mai gaskiya mai laifi. Ko shago ne ko gida, a rubuta yarjejeniya da shaidu: nawa, yaushe, wa ke gyaran me, wace sana'a aka yarda a yi a wurin.

Yanzu lissafi, wanda da yawa suke tsallakewa. Ɗauki misali kawai, ka sa naka alƙaluman a gurbinsu. A ce fili da gini da takardu sun ci naira miliyan 30, ka fitar da sashe huɗu, kowane naira 500,000 a shekara. Miliyan 2 ke nan. Cire gyara, cire watannin da wani sashe zai zauna ba kowa tsakanin mai fita da mai shiga, cire kuɗin ƙasa da harajin da ya hau kanka. In miliyan ɗaya da rabi ta rage, ribarka kashi 5 ce cikin ɗari, kuma sai shekara 20 uwar kuɗin za ta dawo. Ka kwatanta da sukuk (takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci) na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, wanda ya biya kashi 16.47 a shekara ba tare da an kira ka gyaran famfo ba. Wannan ba hujjar guje wa gini ba ce. Abin da yake nunawa shi ne, ribar gidan haya ta gaske tana cikin tashin darajar filin, haya kuwa ita ce take riƙe ginin tana ba ka na cefane kafin nan. Shago a wuri mai kyau yakan fi gida kaso, kuma ƙarin haya ya fi sauƙi a kansa, tunda ɗan kasuwa yana ƙara wa kayansa kuɗi. Ɗan hayar gida kuwa albashi ne ya ɗaure shi. Mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 ne tun ƙarshen 2024, wato 852,000 a shekara. Ka riƙe wannan a rai kafin ka sa silin na alfarma da tayil mai tsada a unguwar da masu irin wannan samun ne za su zauna. Ba za su biya ka kuɗin adon ba.

Wannan lissafin ya isa ya hana ka gina gidan haya da bashin banki. Ko an ajiye maganar riba a addini, a ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5, bankuna kuma sama da haka suke bayarwa. Abin da ke kawo 5 ba zai biya 30 ba. Ka gina da abin hannunka, kuma ka gina a gama. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, mutane da yawa suka tsaya a lintal. Gara sashe biyu da aka kammala har makulli, suna kawo kuɗin da za a ɗora na uku, da sashe shida da suka zama kango damina tana dukansu. A nan shago yana da ɗan fifiko, domin ƙofa ɗaya ma in an gama ta tana iya fara aiki.

Maganar takarda ta shafi duka biyun, amma ta fi tsanani a kan shago. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, takardar C of O kuma izinin riƙo ce, galibi na shekara 99. Filin awon gwamnati ya fi tsada, amma an fitar masa da titi da magudana. Awon igiya ya fi araha, kuma unguwanni da yawa a Kano a kansa suka tashi, sai dai sa hannun mai unguwa da dagaci shaida ce ta ciniki da iyaka, ba ta hana hukuma biyo da hanya ta tsakiyar ɗakinka ba. Ka sa lauya ya bincika fayil ɗin a KANGIS, hukumar da ke riƙe bayanan filaye ta jihar, ka nemi izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kuma ka sani filin da aka ba da don zama ba a mayar da shi na kasuwanci sai da izini. In gidan gado ne, kada ka biya sai ka ga takardar rabo daga kotu da amincewar dukkan magada, har matan da ke aure a wani gari. La'adar dillali a kan kammala ciniki take, don haka maganarsa ba za ta maye gurbin bincikenka ba.

Wasu za su ce ɗakunan ɗalibai fa, a wajen Danbare ko Rimin Gata kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero? Suna kawo kuɗi, kuma ɗalibi ba ya zama har abada. Amma yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma gyara bayan kowane zango ba kaɗan ba ne. Sai wanda yake kusa, yake da lokacin leƙawa.

Ga inda na tsaya. In kai ɗan kasuwa ne da ka san titin da kanka, ka san wanda zai shiga tun kafin a sa kwano, takardar wurin ta kasuwanci ce tsaf, kuma kana da wata dukiyar da za ka jingina da ita in abu ya faru, shago zai fi biyan ka. In kuwa wannan ne kuɗinka na farko kuma na ƙarshe, kamar ɗan fansho, ko 'yar'uwar da ta karɓi gadonta take son abin da zai riƙe marayu, ko wanda ke zaune a Abuja ko Saudiyya ba zai iya zaman ƙirga masu wucewa ba, ƙananan sassan zama masu ƙofa daban-daban sun fi aminci. Matsalolinsu ƙanana ne masu zuwa a hankali, ana iya gyara su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da buƙata ta taso kuma, madaidaicin gida a unguwar da ta cika yana da masu saye da yawa, har da wanda zai zauna da kansa. Wanda yake nesa ya naɗa wakili guda amintacce, a yanka masa ladansa a fili, kuɗin haya kuma su riƙa shiga asusu kai tsaye da rasit.

In Allah Ya ba ka fili a kan kwana, inda layi biyu suka haɗu kuma unguwar ta riga ta cika, kana iya haɗa biyun: sassan zama a ciki, shago ɗaya ko biyu a fuskar da ta fi mutane, bayan ka sami izini. Ka fitar da ƙofar gidan ta ɗaya layin don kada zaman majalisar bakin shago ya takura wa mata. Kowace ƙofa ka sa mata mitarta mai kati. Kuma ka rubuta tun farko cewa ba a sa injin markaɗe, walda ko ɗurin gas a shagon da ya haɗa bango da ɗakin kwana, domin hayar shago ɗaya ba za ta biya ka iyali ukun da ƙara ko tsoro zai kora ba.